Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya: a buɗe mana ƙofar gyara fayil ɗin soja

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma shugabanni da mambobin kwamitocin tsaro da na sojojin ƙasa a Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon sauke nauyin da jama'a suka ɗora muku. Ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manya, kuma ina fata wannan takarda ta iso gabanku ko da ta hannun wani yaronku ne da ya ci karo da ita a Facebook ya ce bari in nuna wa oga.

Ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa saka kaki ba. Ɗan bariki ne dai, a Ikeja na tashi a hannun kawuna bayan rasuwar mahaifina, yanzu ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a nan Agege, ba nisa da titin jirgi. Sana'ata kenan, mutum ya zo da maganarsa a baki in zuba masa ita a kwamfuta da irin Turancin da ofis ke karɓa. To da yake unguwa ta san inda na fito, tsofaffin sojoji 'yan Arewa da zama ya riƙe a Ikko wajena suke kawo kokensu, na Agege da na Idi-Araba da na Obalende, har daga Alaba Rago akwai masu shan go-sulo su zo. Da yawunsu nake wannan rubutu, su da matan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Labarin kawuna zan fi kawowa don shi na sani ciki da bai, kuma ya ba ni izini. Ba zan faɗi sunansa ko bataliyarsa ba, ofisoshin da muka yi ta zarya ma ba zan kira ko ɗaya ba, don gyara muke nema ba tonon silili ba.

Kawu ya shiga soja yana saurayi, ya yi Defo, makarantar horar da sababbin sojoji, a Zariya, ya je Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, yana can a watan Janairun 1999 da 'yan tawaye suka kutsa Firitawun, daga baya ya je Darfur, Arewa maso Gabas kuwa zuwa biyu ya yi. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta tashi, ranar da mutum sama da dubu suka rasu, da yawansu a ruwan Oke-Afa, shi ne ya saɓa ni a wuya ya ja ƙannena a hannu muka yi ta gudu har Ojota, ya damƙa mu a hannun wani mai shayi ɗan garinmu, ya juya ya koma inda kowa ke tserewa don ranar yana kan aiki. Na kawo wannan ne don ku san irin mutumin da ake magana a kansa.

Yana da shekara 24 a aiki, igiya uku a hannu, Saje cikakke, bai ma daɗe da sa hannu a takardar ƙara wa'adi ba, sai ga sigina, wato takardar umarni daga sama, ta sauko ɗauke da sunayen waɗanda aka amince su ajiye aiki bisa buƙatar kansu. Sunan Kawu da lambarsa na ciki. Shi kuwa bai taɓa rubuta yana son tafiya ba. Abin da ya faru, wanda sai daga baya muka gano da bin diddigi, akwai wani Kofur a wata runduna daban, sunansu ɗaya, sunan uba ɗaya, kun dai san sunayenmu, a bataliya guda sai ka samu mutum huɗu na amsa suna ɗaya, ga shi lambobin ƙarshe na lambar sojansu ma kusan iri ɗaya. Shi ne ya nemi sallama. Wani akawu a wani teburi ya haɗa fayil biyu ya mai da su ɗaya, lamba ta Kawu, amma muƙami da ranar shiga aiki da ranar haihuwa duk na takwaransa.

Kawu ya je wajen ogansa da takardar a hannu. Ogan ya duba ya girgiza kai ya ce Saje wannan ai kowa ya gani ya san kuskure ne, amma daga sama ta zo, ka bi oda tukun sannan ka yi ƙorafi, ba za a wuce wata biyu ba an mai da kai. Shi kuma soja ne, abin da aka koya masa tun Defo kenan. Ya mai da kayan gwamnati, ya sara, muka kwashe kwanukanmu daga kwata, gidan da aka ba mu a bariki. Takardar sallamar da aka miƙa masa ta ce an mai da shi cikin sojojin ko-ta-kwana, rizab kamar yadda suke cewa, duk ranar da ƙasa ta neme shi dole ya amsa. Wata biyun nan yanzu ya haura shekara biyar.

Abu na farko, ranku ya daɗe, kuɗi ne, kuma ba zan yi kara ba. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo da aka kawo a 2004, aka mai da su inda gwamnati ke biya kai tsaye, kuma a can abu biyu ke yanke wa mutum rabonsa, muƙamin da ya fita da shi da yawan shekarun da ya yi. A jadawalin tsohon tsarin tarayya, shekara 10 tana ba ka kashi 30 cikin 100, kowace shekara a kai ta ƙara kashi 2, har ka kai kashi 80 a shekara 35. Ku ɗauki biro ku gwada. Shekara 24 kashi 58 kenan. Fayil ya ce 18 ya yi, kashi 46. Wannan 46 ɗin ma a kan albashin Kofur aka ɗora shi. An yanke shi ta sama an yanke shi ta ƙasa, garatuti ma da wannan mudun aka auna masa. Ban ma shiga lissafin shekara 11 da suka rage masa ba, da albashinsu da ƙarin girman da ke cikinsu, ƙila da yanzu Samanja ake kiransa. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ko a taɓa shi ta yadda zai cutu sai inda doka ta ba da dama. To wace doka ce ta ba wa kuskuren akawu wannan damar?

Abin da ya fi ci min rai, kuskuren a fili yake a fuskar takardar. Duk wanda ya zauna a bariki ya san lambar soja da shekarar da aka ɗauki mutum take farawa. Lambar Kawu na faɗin shekara ɗaya, layin da ke ƙasanta na faɗin wata shekarar da ta zo bayan shida. Yaron da ke min fotokwafi, wanda ko sakandare bai gama ba, da ya ɗora takardar a kan inji shi ya fara cewa, oga wannan ya aka yi ya samu lamba tun bai shiga soja ba? Takardar nan fa hatimi huɗu ne a jikinta, ma'ana ta bi ta hannun mutum huɗu ko fiye. Kuma in ka yarda da fayil ɗin, lokacin da Kawu ke kwance cikin rami a Firitawun bai ma zama kurtu ba.

Abu na biyu tantancewa. Ita tantance 'yan fansho ba ma ja da ita, mun san akwai matattun da ake ci da sunansu. Amma yanzu komai kwamfuta ke haɗa shi, fayil da BVN da NIN dole bakinsu ya zo ɗaya, ita kuwa kwamfuta ba ruwanta da tabon harsashin da ke cinyar mutum, ranar haihuwa ta saɓa shikenan ta ture ka gefe. Haka ɗan abin da ake turo wa Kawu ma ya tsaya, wata da watanni wayarsa ba ta yi ƙarar alat ba. A nan ne wani mai ganin taimako yake yi ya ja mu gefe a bakin wani ofis ya ce mu daina wahalar da kanmu, gyaran fayil ɗin soja ya fi ƙarfinmu, hanya mai sauƙi ita ce Kawu ya je kotu ya yi rantsuwa ya canza ranar haihuwarsa a NIN da banki ta dace da ta fayil, kuɗi zai dawo ba a daɗe ba. Wallahi ni a raina na so ya yarda, don na san abin da ke cikin tukunyar gidan. Muna cikin danfo na fara lallaɓa shi, na ce Kawu ai ba sata ba ce, haƙƙinka za ka karɓa. Bai tanka min ba har muka wuce Ikeja Along, sannan ya juyo ya ce, "Kai yaro, in ɗaga Alƙur'ani in rantse ni ba ni ba ne? In na yi haka ai na sa hannu kenan cewa Kofur ne ni, shekara shidan nan kuma ban yi su ba. A cikinsu fa na binne abokaina." Ban sake tayar da maganar ba. Amma ku sani da yawa sun bi waccan hanyar, wasu ma ni na buga musu takardar rantsuwar, ban kuma ga laifinsu ba don yunwa ba ta jiran sigina. Sai dai duk wanda ya bi ta, ƙaryar da take a fayil ɗaya ta koma ta zauna daram a bayanan gwamnati guda uku.

Abu na uku shi ne asalin abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Babu ƙofar da aikinta shi ne gyara. Dokar Sojoji ta yi tanadin koke, sashe na 178 na hafsoshi, na 179 na ƙananan sojoji, ka kai wa kwamandanka, in bai share maka hawaye ba ka hau sama. Tsari ne da aka ɗinka wa mutumin da ke cikin kaki. To wanda aka riga aka fitar, waye kwamandansa? Bataliya ta ce ai ka bar hannunmu, masu biyan kuɗi su ce mu abin da aka turo mana muke biya ba ma taɓa bayani, kuma gaskiyarsu ne, masu ajiye bayanai su ce sai rundunar da ta turo kuskure ta turo gyara, can rundunar kuma ogan da ya san maganar an yi masa canjin wurin aiki tuni, wanda ya gaje shi ya tafi kwas, na ukun bai taɓa jin labarin ba sai ka faro masa daga Bismillah, kafin ya gama fahimta shi ma an ɗauke shi. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da talaka ke gudu wajenta, dokar da ta kafa ta ta hana ta taɓa abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin Dokar Sojoji. Saura kotu. Lauyan da muka gani a Ikeja ya yi mana adalci, ko sisi bai karɓa ba, ya ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na nan a Ikoyi kuma tana sauraron irin wannan, amma za a fara tambayar ko mun ƙure hanyoyin cikin gida, sannan lauyoyin gwamnati za su jefo mana dokar nan mai kare jami'an gwamnati da ke cewa a shigar da ƙara cikin wata uku. Mu kuwa wata ukun farko mun cinye su muna jiran alkawarin oga. Da ya faɗi abin da shari'ar za ta iya ci, Kawu dariya ya yi ya ɗauki hularsa.

Zuwa Abuja kuwa na daina ƙirgawa. Motar dare, Ibadan, Akure, Owo, Okene, Lokoja, ka isa da ƙafa a kumbure, ka yi alwala a famfon tasha ka canza riga don kar a raina ka a get. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar nan ya fi ƙarfin mai gadi irin Kawu. Kowace tafiya sabon fotokwafi, kuma amsar ɗaya ce, ajiye takardarka za a neme ka. A cikin jakar da nake ajiye masa takardu akwai kwafi goma sha ɗaya masu hatimin an karɓa. Amsa ko ɗaya babu, ko ta a'a. Da an rubuto an ce a'a ga dalili, da mun san abin da za mu riƙe mu kai gaba. Shirun nan shi ya fi kashe mu.

Kuma ba hujja ce ta yi ƙaranci ba. Mun nemo takwaran nasa ta hannun wani abokin kwas ɗinsu, Allah ya saka masa da alheri, ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ya nemi sallama a wancan lokacin, ya sa lambarsa, ya ce duk inda aka kira shi zai je. Muna da odar da aka buga ƙarin girman Kawu a ciki, muna da takardun albashinsa na Saje, muna da lambar yabon ECOMOG da takardarta. Alƙalin da zai buɗe su ya duba ne babu.

Abu na huɗu ba zan ja shi ba don kun san Legas. A nan Oshodi akwai cibiyar da ke koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'a, kwas na wata shida, mutum ya fito da ɗinki ko kiwon kaji ko wani abu a hannu. Wanda aka tsinko shi haka kwatsam wannan ta wuce shi. Daga kwata sai haya, shekara guda a dunƙule, ga kuɗin ajan ga na agirimen, garatutin Kofur ya tafi a ɗaki ɗaya da babur ɗaya. A watan Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi, Satumba aka ƙara da Oshodi da Mushin, babur ya zama kaya. Iyali sun koma gida Arewa, babbar 'yarsa da ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon jinya tana zaune. Yanzu gadin dare yake a wani sito, kuma kullum da yamma ta gaban get ɗin cibiyar nan ta Oshodi yake wucewa zuwa aiki.

Kar ku ɗauka shi kaɗai ne. Akwai wata baiwar Allah daga Idi-Araba, mijinta ya rasu a bakin daga, ya canza magaji bayan sun yi aure amma canjin bai shiga fayil ba, sunan mahaifinsa ne har yanzu a wajen, mahaifin kuma ya riga ɗan rasuwa, ga marayu uku. Akwai wanda aka rubuta masa ya gudu daga aiki a daidai makonnin da yake kwance a asibitin soja da ƙarfe a ƙafa, katin asibitin na hannunsa. Akwai wani dattijo da ke zuwa da sanda wanda a takarda ya mutu, da kansa yake ba da labarin yana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Duk ciwonsu ɗaya da na Kawu.

Sannan ku dubi abin ta ɓangaren ƙasa. Amfanin rundunar ko-ta-kwana shi ne a san wa ake da shi, shekarunsa nawa, me ya iya, wane muƙami zai riƙe in an kira shi. Yau in an buga ƙaho, Saje mai shekara 24 da ya jagoranci yara a daji zai shigo layi a matsayin Kofur, da shekarun haihuwar wani. Lissafin da aka gina a kan irin wannan fayil ba zai fid da kowa kunya ba ranar buƙata. Kuma yaran da ke cikin kaki yanzu suna gani, a mami, kasuwar bariki, suke haɗuwa da tsofaffin nan suna jin labari. Sun kuma ga hotunan tsofaffin sojoji da suka shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a watan Janairun 2025 suna neman haƙƙinsu.

Na san gidan soja na iya waiwaye in ya ga dama. A 2015 an sake duba shari'ar dubban sojojin da aka kora a yaƙin Arewa maso Gabas, aka mai da 3,032 bakin aiki. A watan Yunin 2016 an yi wa hafsoshi 38 ritayar dole, wasu daga cikinsu suka je Kotun Ma'aikata suka yi nasara. Amma ku lura, na farkon yawa ne ya cece su, dubbai ne kuma duniya ta ji. Na biyun kanar-kanar ne da janar-janar, suna da kuɗin manyan lauyoyi, duk da haka shekaru suka kwashe. Saje ɗaya tilo mai gadin sito fa, wa zai waiwaye shi?

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane cewa kuskuren takarda ba ya ƙarewa a rundunar da ke da dubban mutane, shi ya sa suka yi masa ofis. A Amurka tun 1946 majalisarsu ta yi dokar da ta kafa kwamitocin gyara bayanan soja, kowace runduna da nata, fararen hula ne ke zama a ciki. Fom ɗaya ne, DD 149, kyauta, soja mai aiki da na rizab da tsohon soja da magajin mamaci duk shi suke cikawa. Wa'adin shekara uku ne, kuma daga ranar da mutum ya gano kuskuren ake fara ƙirgawa, kwamitin ma na iya yafe wa'adin in adalci ya buƙaci haka. Doka ta ɗaure su da lokaci, kashi 90 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafe a gama su cikin wata 10, sauran kar su wuce wata 18. In sun ce a gyara sai a gyara, a biya abin da gyaran ya haifar. In kun ce Amurka ta yi nisa, ga Afirka ta Kudu nan, a 2012 suka yi dokar da ta kafa ofishin mai sauraron koken sojoji, masu aiki da waɗanda suka bari duk yana karɓar nasu. Ba na cewa a kwafo nasu sak, mu ma muna da masu ilimin da za su ɗinka mana daidai jikinmu.

Don haka ga roƙonmu, masu girma.

Ku yi wa Dokar Sojoji gyara a kafa hukuma ko kwamiti na dindindin wanda aikinsa kawai gyara bayanan soja, da fararen hula da tsofaffin sojoji a ciki, har da wanda ya taɓa zama ƙaramin soja don ya san yadda sigina ke saukowa a kan mutum. Ya zama yana da ikon ya kira fayil daga kowane ofis, ya ba da umarnin gyara, umarnin kuma ya hau kan masu biyan kuɗi kai tsaye har da ariyas, kar a ce mutum ya sake sabon zarya da takardar nasara a hannu. A sa masa wa'adi a cikin dokar, kuma ko a'a zai ce ya rubuta dalili ya ba mai ƙorafi.

Fom ya zama ɗaya, kyauta, a same shi a intanet a kuma same shi a hedikwatar kowace runduna. Mu nan Legas ga Runduna ta 81 a kusa, babu dalilin da tsoho mai ciwon gwiwa zai kwana a hanyar Okene don miƙa takarda. A yi bayaninsa da Hausa da Yarbanci da Ibo da Buroka. Na san wannan zai rage min ciniki a shago, na yafe.

Wa'adin kai ƙorafi ya fara daga ranar da mutum ya gano kuskure, kuma wanda ya yi jinkiri don ya bi oda ya jira kamar yadda aka umarce shi, kar a hukunta shi da ladabinsa. Sannan muddin ana kan bincike kar a tsayar da fansho gaba ɗaya, a ci gaba da biyan abin da ba a jayayya a kai, don mutumin da ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa ai an san yana raye.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar sabuwar doka, umarni kawai yake so. Kafin a sallami kowane soja a buga masa bayanansa a takarda ɗaya, suna, lamba, muƙami, ranar shiga, ranar haihuwa, magaji, dalilin fita, ya karanta ko a karanta masa, ya sa hannu. In ya ce layi kaza ba daidai ba ne a dakata da sallamar har a duba. Da an yi wa Kawu haka, minti biyar ya isa. Waɗanda ke rizab su ma a ba su damar ganin bayanansu ko da sau ɗaya a shekara.

Sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ku ikon bincike. Ku kira zaman jin bahasi a kan fayilolin tsofaffin sojoji, kuma don Allah kar a yi shi a Abuja kaɗai, ku kawo zama ɗaya Legas, ku sanar a rediyo da harsunan da mutanen nan ke ji. Za ku ga layi.

Na Kawu kuwa ba shi da yawa. A raba fayil ɗinsa da na takwaransa, a mai da masa igiyarsa uku da shekarunsa shida da ranar haihuwarsa, a goge kalmar nan ta cewa shi ya nemi tafiya don ita ta fi yi masa ciwo, a duba shekarun da aka raba shi da su a yi masa abin da doka ta tanada, a biya shi abin da ya taru. Akawun da ya yi kuskuren, Kawu ya ce in rubuta cewa ba ya neman a taɓa shi, ɗan Adam ne, ƙila shi ma yanzu yana wani layin yana bin nasa fayil ɗin.

Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Kawu yakan goge kaftaninsa ya maƙala lambobinsa ya hau mota zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, ya tsaya daga baya ya kalli yadda ake ajiye furanni ana sakin tattabaru, ya yi wa abokansa na Saliyo addu'a, ya dawo ya ɗan runtsa kafin lokacin gadi. Bana ma ya je. Jakar takardunsa na nan ƙarƙashin teburina, na jera su bi da bi na yi kwafi uku, na mutanen Idi-Araba da Obalende ma na haɗa su kowa da ambulan ɗinsa. Duk ranar da kwamitinku ya sa rana, za mu shigo motar dare.

Allah ya taimake ku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naku,
Wani ɗan bariki mai shagon buga takardu,
Agege, Legas.